Gangar Maƙwabta

Ran Alhamis da la'asar Koshe ta shigo rumfata
da ganga a ka, kamar mai tallan tulu.
Ta sauke. Fatar ta tsage daga baki har cibiya.
Ta ce, "Baba Jatau, zuwa jibi muke so,
Lahadi ba ta jiran kowa."

Na ce, wa ya yi mata wannan aika-aika?
Ta ce Tiya ne.
Waƙa ta kai inda ake ɗaga murya,
yaron ya manta hannunsa na birkila ne.

Ni baduku ne, jikan masu tafiya Makka a ƙafa
da guzuri ya ƙare musu a Gadarif, suka kafa bukka.
Kube nake ɗinkawa, da takalmi, da jakar mai keke.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
langa-langa ɗaya ya raba basillata da cocinsu,
don haka na san makonsu kamar tafin hannuna.

Talata ta zumuntar mata ce. Ba ganga,
sai tafi, sai gwangwanin madara cike da tsakuwa.
Laraba ta matasa, su da piyanonsu
mai suma duk sa'ad da aka ɗauke wuta.
Sai ka ji tsit, sai dariya,
sai muryar Koshe ta ɗauko baitin daga inda ya faɗi
ta karkaɗe shi, ta miƙa wa na baya.

Lahadi kuwa ranar aiki ce a garin nan.
Sai rana ta yi sanyi suke tahowa,
wannan da siminti a gira,
waccan da hayaƙin kisra a mayafi,
masu yankan riɗi da ƙaiƙayi a wuya,
kowa ya ajiye gajiyarsa a bakin ƙofa, gefen tulun ruwa.

Ba na jin harshen Moro.
Larabcin waƙar nake tsinta, rabi da rabi.
Amma na san wadda suke yi in an haihu,
guɗa ke gaba, waƙa na bin sawu.
Na kuma san wadda suka yi
daren da labarin ƙanin Koshe ya iso daga duwatsu.
Ranar ba wanda ya taɓa ganga.
Muryoyi ne kawai, ƙasa-ƙasa,
kamar ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin yashi.
Na ajiye basilla. Takalmin wani ya kwana ba a gama ba.

To, na jiƙa fata cikin dare.
Da na idar da sallar asuba na kankare gashi,
na shimfiɗa, na huda, na ja igiya har yatsuna suka yi kanta.
Akuyar Hajiya Tabawa ce, ta sunan jikanta.
Ko a mafarki baiwar Allah ba ta san
za ta shiga coci ba.

Asabar Fasto Andarawus ya zo da kansa,
da kuɗin baiko a ƙulle cikin hankici,
tsofaffin takardu masu laushi kamar ganyen rama.
Na ce a bar shi. Ya ce ina!
Muka ja, muka ja, har jabana ta huce.
Na karɓi rabi, na ce sauran
a biya ni da sassauta kiɗa in an kira magariba.
Ya ce, "Shekara nawa muna yi, ba ka lura ba?"
Na lura. Ina so ne in ji daga bakinsa.

Yau Lahadi.
Na rufe rumfa, ban tafi ba.
Ga takun ƙafafu, ga jan benci, ga tarin wani tsoho,
ga jariri ya riga kowa fara waƙa.
Tiya ya sauke hannu sau ɗaya, a tsorace.
Ya sake.
Langa-langa ya amsa, kwanon shayina ya motsa,
muryoyi suka hau kamar tsuntsaye sun tashi daga gonar dawa.

Na kasa kunne irin na mai sana'a.
Gefen hagu ya ɗan saki.
Gobe zan gaya wa yaron
ya riƙa nuna mata wuta kafin a fara.